Yadda Ake Shirya Gasar Kacici-kacici ta Fim, Waƙa da Ƙwallo Ba Tare da An Tashi Baram-baram Ba

Gasar kacici-kacici a kan fina-finai, waƙoƙi, ƙwallo, katun da kayan wasan yara ba ta cin kuɗi. Takarda, biro, lasifika ɗaya da wuri mai iska sun isa, ko a harabar makaranta ne, ko a gidan kallon ƙwallo ranar da babu wasa, ko a taron tsoffin ɗalibai bayan Sallah. Abin da ke kashe ta kusan kullum guda ne, wato gardama. Mai gabatarwa ya karanta amsa, wani daga can baya ya miƙe ya ce, "Wallahi Malam ba haka ba ne!" Kafin ka ankara tebur uku sun goya masa baya, kuma abin haushin, sau da yawa shi ke da gaskiya. Shi ya sa mafi yawan aikin a gida ake yin sa, a kan takardar tambayoyi, mako biyu kafin ranar taro.

Lissafin lokaci da na mutane

Kafin ka rubuta tambaya ko ɗaya, san awa nawa ke hannunka. Awa biyu ce iyaka. In aka zarce haka mutane sun fara hamma, masu shago hankalinsu ya koma kasuwa. Tsakanin La'asar da Magariba lokacin kan matse, musamman da sanyi, don haka ko dai a fara da hantsi ranar hutu, ko bayan Isha'i in wurin na da wuta da tsaro.

Tambaya ɗaya na cin kusan minti ɗaya: a karanta ta sau biyu, a ba da daƙiƙa 30 na shawara da rubutu. Tambaya 50 minti 50 ke nan. Duba amsa bayan kowane zagaye na cin minti 7, zagaye biyar sun tashi minti 35. Sa hutun minti 15, da minti 20 na addu'ar buɗewa, bayanin dokoki da raba kyauta. Awa biyu cif. Saboda haka zagaye biyar ne, tambaya goma-goma, sai takardar hotuna goma da za a raba lokacin hutu. Maki 60 gaba ɗaya.

Kowace ƙungiya mutum huɗu ko biyar. In sun kai bakwai, biyu za su zama 'yan rakiya, su koma hira, hirar kuma ta hana maƙwabta jin tambaya. Ƙungiya shida zuwa goma mutum ɗaya zai iya riƙewa da makirufo. Ka shawarci mutane su gauraya: dattijon da ya kalli Indiya a silima, matashin da ya haddace 'yan wasan Firimiya, da wadda ba ta taɓa rasa fim mai dogon zango ba. Teburin da ya tara 'yan ƙwallo zalla zai cinye zagaye ɗaya ya yi zugum a sauran.

Tambaya ɗaya, amsa ɗaya

Nan aikin yake. Duk tambayar da ka rubuta, koma ka zama mai neman rigima, ka tambayi kanka: akwai wata amsa ta biyu da mutum mai sani zai iya karewa? In akwai, ko ka ɗaure tambayar ko ka jefar da ita. Hanyoyin da amsa ta biyu ke shigowa sanannu ne.

Ta farko, kalmar "na farko". Ka ce, "Wane ɗan Afirka ne ya fara cin kyautar Ballon d'Or?" kana nufin George Weah a 1995. Sai wani ya rubuta Eusébio, wanda ya ci a 1965, kuma a Mozambik aka haife shi ko da yake Fotugal ya buga wa. Bai yi ƙarya ba. Gyaran shi ne, "Wane ɗan wasa ne ya ci Ballon d'Or a 1995, daga baya ya zama shugaban ƙasar Laberiya?" Yanzu babu mafita sai Weah. Haka nan "ɗan Nijeriya na farko da ya ci Grammy". Matasa za su rubuta Burna Boy saboda 2021, masu sani su kawo Sade Adu da aka haifa a Ibadan, wadda ta karɓi tata tun 1986. Tambayi sunan kundin da ya ba Burna Boy kyautar, Twice as Tall, ka huta.

Ta biyu, shekarar suna da shekarar aiki. Gasar cin kofin Afirka da ake kira ta 2023 a watan Janairu da Fabrairun 2024 aka buga ta a Kwaddibuwa, inda masu masauki suka doke Nijeriya 2 da 1 a wasan ƙarshe. Ta 2021 a 2022 aka yi ta a Kamaru. Wasannin Olamfik na Tokyo 2020 a 2021 aka yi su. In ka ce "a wace shekara", ka buɗe ƙofa biyu. Tambayi birni, ko ƙasa, ko sakamako. Fim ma haka yake: shekarar ɗauka daban, ta fita daban, ta karɓar kyauta daban. Titanic ya fito a 1997, kyautukan Oscar ɗinsa a bikin 1998 aka ba shi. Kuma kada ka ce "wane fim ne ya ci Oscar goma sha ɗaya", don uku ne: Ben-Hur, Titanic, da kashi na uku na The Lord of the Rings.

Ta uku, suna ɗaya abu biyu. "Wa ya fito a matsayin Don?" Dattijo zai ce Amitabh Bachchan, yana nufin na 1978. Matashi zai ce Shah Rukh Khan, yana nufin na 2006. Duka daidai. Spider-Man jarumai uku ne suka sa rigarsa a manyan fina-finai tun 2002: Tobey Maguire, Andrew Garfield da Tom Holland. Sa shekara a jikin tambayar. A ƙwallo, tarkon da ya fi kama masu shiri shi ne bambancin Firimiya da gasar lig ta Ingila gaba ɗayanta. Firimiya a 1992 ta fara. Manchester United na da kofin lig 20, amma 13 ne a zamanin Firimiya. In ka ce "kofin Firimiya nawa" kana riƙe da 20 a takardarka, magoya bayan Liverpool ba za su bar ka ka sha ruwa ba.

Ta huɗu, "ɗan wane gari ne". Ɗauki Alhaji Mamman Shata. A Musawa aka haife shi, Funtuwa ya yi zama, da Katsina ake laƙaba sunansa, a Daura aka binne shi a 1999. Gari huɗu, kuma kowanne na da masu kare shi. Faɗi abin da kake nufi: haihuwa, zama, ko makwanci. Game da shekarun haihuwar tsoffin makaɗa kuwa, bar su kawai. Yawancinsu an haife su lokacin da ba a rubuta ranar haihuwa, littattafai kuma sun saɓa. Shekarar rasuwa ta fi tabbas: Ɗanƙwairo 1991, Barmani Choge 2013, Ɗanmaraya Jos 2015.

Ta biyar, tambaya mai ruɓewa. "Wa ya fi kowa cin kofi", "wa ke riƙe da kambu", "a wace ƙungiya wane yake wasa" duk suna iya lalacewa tsakanin ranar rubutu da ranar taro. Ɗaure su da kwanan wata: "Zuwa ƙarshen gasar 2022, wace ƙasa ce ta ci kofin duniya sau biyar?" Birazil ce, kuma ko bayan shekara goma amsar ba za ta canja ba.

Akwai kuma laƙabi. Mutane da yawa sun san Sylvester Stallone da Rambo, sun san Arnold Schwarzenegger da Kwamando, ba su taɓa damuwa da sunan yanka ba. Wannan ba matsala ba ce in ka yanke hukunci tun a gida. A takardar amsarka, gefen kowace amsa, rubuta abin da za a karɓa da abin da ba za a karɓa ba. Misali: "Rabilu Musa, a karɓi Ibro ko Ɗan Ibro." Ko kuma akasin haka in sunan yanka ake nema: "Adamu Wayya, kada a karɓi Ɗanmaraya, don yana cikin tambayar." Rubutun suna kuwa, a bi sauti. Wanda ya rubuta Sharukan ko Amita Bacan ya san abin da yake nufi, gasar ba ta ƙa'idar rubutu ba ce. Fina-finan Indiya da aka fassara su ma suna da wannan rikici, domin masu fassara kan raɗa wa fim sunan Hausa wanda ba shi da alaƙa da na asali. Faɗa a fili wanne kake so.

Kowace amsa ka tabbatar da ita daga wuri biyu da ba su kwafi juna ba. Shafuka goma a intanet na iya zama shafi ɗaya da aka kwafa sau tara. A harkar ƙwallo, bayanan hukumomin da suka shirya gasar sun wadatar. A fim, sunayen da ke tafiya a farko ko ƙarshen fim ɗin su ne hujja, sun fi ƙwaƙwalwar kowa. A fina-finan Hausa na zamanin kaset, tsoffin mujallun fim da bayanin waɗanda suka yi aikin sun fi jita-jitar majalisa. Rubuta inda ka samo amsar a ƙarƙashinta da ƙaramin rubutu. Ranar taro wannan layin zai cece ka.

Gwargwadon wuya

Kuskuren mai shiri na farko shi ne nuna sani. Ya zauna ya tono abin da shi kaɗai ya sani, sai wuri ya yi tsit, kowa ya miƙa takarda fara fat. Mutane sun zo ne su ji daɗin tuna abu, ba su zo zana jarrabawa ba. A cikin tambaya goma, uku su zama na kowa da kowa, biyar masu sa a yi shawara, biyu masu raba gwani da gwani. In ka daidaita, ƙungiyar da ta zo ta ɗaya za ta tashi da maki 45 zuwa 50 cikin 60, ta ƙarshe kuma ba za ta gaza 25 ba. In ta ɗaya ta tsaya a 30, laifin naka ne.

Abu guda na iya ba ka matakan uku. Mai sauƙi: "Sau nawa Nijeriya ta ci kofin Afirka daga 1980 zuwa 2013?" Uku. Matsakaiciya: "Wa ya ci ƙwallo ɗaya tilo a wasan ƙarshe na 2013 da Burkina Faso?" Sunday Mba. Mai wuya: "Wace ƙasa Nijeriya ta doke 3 da nema a wasan ƙarshe na 1980 a Legas?" Aljeriya.

Tambaya mai daɗi ita ce wadda ko ba ka san amsar ba za ka iya lalubo ta, in kuma aka faɗa ka ce "Kai, ashe!" Misali, "Kamfanin gem na Nintendo an kafa shi tun 1889 a Japan. Wane abin wasa ya fara sayarwa?" Tebur zai yi lissafi: babu lantarki a gidaje lokacin, to mene ne? Kati ne. Ko kuma, "Tsakanin Kannywood da Nollywood, wane suna ne ya fara fitowa a rubuce?" Kannywood, a mujallar Tauraruwa a 1999, Nollywood sai 2002. Irin wannan na sa a yi ta magana har bayan an tashi. Tambayar "wace shekara" zalla kuwa bushasshiya ce, kada ta wuce biyu a zagaye, kuma ka ba da sassaucin shekara ɗaya sama ko ƙasa in abin ya girmi masu gasar.

Gwada tambayoyin a kan mutum biyu da ba za su shiga gasar ba, masu riƙe sirri, ɗaya babba ɗaya matashi. Karanta musu da baki yadda za ka yi ranar. Duk wadda suka ce "maimaita", ta yi tsawo. Kada tambaya ta wuce kalma 25.

Abin da za a zuba a kowane zagaye

Zagayen farko ya zama na fina-finan gida da talabijin, don kowa ya samu abin rubutawa. Akwai kaya da yawa: Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, Sangaya a 1999, Shaihu Umar da Adamu Halilu ya ɗauka a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Balewa, tashar Arewa24 da ta buɗe a 2014, Usman Baba Pategi da aka fi sani da Samanja, da Ƙasimu Yero. Kada ka cika zagayen da zamani ɗaya. Raba shi uku: wasan kwaikwayon talabijin na da, zamanin kaset da faifai, zamanin YouTube. Sirrin gidan mutane kuwa, wa ya auri wa, wa ya saki wa, ba kacici-kacici ba ne, gulma ce, kuma ba ka san ɗan'uwan wa ke zaune a tebur na huɗu ba.

Na biyu fina-finan waje: Indiya, Amurka, Caina. Sholay na 1975 da bos ɗinsa Gabbar Singh, wanda Amjad Khan ya fito a matsayinsa, Disco Dancer na 1982, Bruce Lee da ya rasu a 1973. Tambaya mai kama mutane a nan ita ce sunan fim ɗin Rambo na farko, domin babu kalmar Rambo a asalin sunansa, First Blood ake ce masa.

Na uku wasanni, kuma a nan ka yi wa kanka linzami. Ƙwallon Turai kada ta wuce tambaya huɗu. Sa Kano Pillars da kofunanta na lig a 2008, 2012, 2013 da 2014. Sa Ahmed Musa da ƙwallayensa huɗu a gasar kofin duniya, biyu a ragar Ajantina a 2014, biyu a ragar Ayisland a 2018. Sa zinaren ƙwallo da Nijeriya ta ci a Olamfik na Atlanta 1996, da Maroko da ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar kofin duniya ta 2022 a Katar. In akwai mutanen Nijar a wurin, Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙasarsu, da zuwanta kofin Afirka karon farko a 2012, da gasar kokawar takobi, za su ba su abin tinƙaho. Dambe ma ya samu gurbi, ko da tambayar makaɗin da ya yi wa ɗan dambe Shago waƙa ce, wato Ɗan Anace.

Na huɗu katun, littattafan zane da kayan wasa. Wannan zagayen shi ne masu shiri suka fi rainawa, alhali shi ya fi kawo dariya. Superman ya fara fitowa a 1938, Batman 1939, Spider-Man 1962, Black Panther tun 1966 a littafi, shekara 52 kafin fim ɗinsa na 2018. Tom and Jerry 1940. Lego daga Denmak yake, kuma da kayan wasan katako kamfanin ya fara a 1932. Ludo daga wasan pachisi na Indiya ya samo asali. Lambar da ke jikin katin Whot kansa 20 ce, siffofin katin kuma biyar. Haɗa da namu: dara, langa, carafke, gala-gala, 'yar tsana, motar kara, tashe. Amma a yi hattara, dokokin wasannin gargajiya da sunayensu sukan bambanta daga gari zuwa gari. Abin da Bazazzagi ke kira da suna kaza, Badamagare na iya kiran sa da wani. Tambayi abin da aka yi tarayya a kai, kamar sunan ɗan wasan da ake tsarewa a langa don ya kai gida, wato ruwa, ko kuma ka karɓi sunaye fiye da ɗaya.

Na biyar na sauti ne, a ƙarshe, lokacin da gajiya ta fara shiga.

Zagayen sauti da takardar hotuna

Yanki daƙiƙa 12 zuwa 15 daga kowace waƙa. Manhajar Audacity kyauta ce kuma ta isa, wasu manhajojin waya ma na yi. Saurari kowane yanki sau uku kafin ka amince da shi, domin mawaƙanmu suna da ɗabi'ar ambaton sunansu a tsakiyar waƙa, 'yan amshi na kiran sunan ubangidansu, situdiyoyin zamani kuma na manna sunansu a farkon kiɗa. Kana tambayar wane mawaƙi ne, shi kuma yana faɗa da bakinsa. Kauce wa amshin da ke ɗauke da sunan waƙar in sunan waƙar kake nema.

Daidaita ƙarfin sauti. Waƙar da aka juyo daga tsohon kaset ƙasa-ƙasa take, ta zamani kuma tana fasa kunne. In ba ka daidaita a gida ba, ranar za ka yi ta murɗa lasifika, rabin daƙiƙun sun tafi. Sauya sunayen fayilolin zuwa 1, 2, 3 har 10, ka goge bayanin da ke ciki, domin wasu na'urori na nuna sunan waƙa a fuskarsu. Ajiye su a cikin wayar kanta da kuma filas, kada ka dogara da data. Haɗa waya da lasifika da igiya ya fi Bluetooth, wanda kan yanke ko ya cinye daƙiƙar farko, ko wayar wani ta kutsa ciki. Rufe layin wayar, kada kira ya shigo ana tsaka da waƙa.

Wata dabara mai kyau ita ce tambayar kayan kiɗa maimakon mawaƙi. A sa kiɗa zalla a ce a faɗi abin da ake kaɗawa: kalangu, kotso, kuntigi, kukuma, gurmi, ƙwarya. Matasa da yawa a nan suke faɗuwa, dattawa su farfaɗo. Waƙoƙin siyasa kuwa a bar su a gida, musamman in zaɓe ya ƙarato. Daƙiƙa goma sun isa raba taro biyu. Haka waƙar da ke da batsa ko zambo ga wani gida.

Takardar hotuna shafi ɗaya ce ga kowace ƙungiya, hoto goma, layi biyu, lamba a ƙarƙashin kowanne. Tambarin ƙungiyar ƙwallo da aka goge sunansa, inuwar ɗan katun, hoton jarumi yana matashi, bangon kaset da aka rufe rubutunsa. In baƙi da fari za ka buga, kada ka sa abin da launi ke bambantawa. Rigar AC Milan da ta Inter a hoton baƙi da fari kusan abu ɗaya ne. Buga gwaji guda tukuna, domin fuska mai duhu kan koma dunƙulen tawada in injin ya gaji. Ƙara kwafi biyu a kan adadin ƙungiyoyi.

Ranar taro

Ma'aikata huɗu ake buƙata: mai gabatarwa, alƙali, mai allo da ke tara maki, da mai zagayawa yana raba takardu yana sa ido. Kada mai gabatarwa ya zama alƙali. Mai makirufo in aka tsare shi da gardama, shirin ne ya tsaya. Alƙali ya zama mutumin da ake jin nauyinsa, ba shi da ɗa ko ƙani a cikin masu gasa, kuma ya karanta takardar amsa tun daren jiya. In a unguwa ne, a sanar da mai unguwa da maƙwabta saboda lasifika. A tanadi janareto ko lasifika mai caji, da fitila a kowane tebur in da dare ne.

Kowace ƙungiya a ba ta takarda biyar masu lamba 1 zuwa 10, da gurbin sunan ƙungiya a sama, da biro shuɗi guda biyu, da jan biro ɗaya na duba amsa. Waya kuwa, cewa "kada a taɓa waya" ba ya aiki. Sa kwano ko ambulan babba a tsakiyar kowane tebur, duk wayoyi su shiga, a idon kowa. Wanda aka kira shi da gaggawa ya ɗauka ya fita, kada ya dawo sai zagayen ya ƙare. Faɗi hukuncin tun farko: wanda aka kama, ƙungiyarsa ta rasa makin zagayen nan duka. 'Yan kallo su zauna baya da tazarar taku biyar aƙalla, a roƙe su kada su furta amsa. In wani ya furta da ƙarfi kowa ya ji, soke tambayar ka ɗauko ta ajiya. Don haka ake zuwa da tambayoyin ajiya biyar.

Mai gabatarwa ya faɗi lamba, ya karanta a hankali, ya maimaita kalma da kalma. Kada ya sauya lafazi a karo na biyu, don sauyin kan zo da ma'ana daban. Kada ya yi wa tebur ɗaya ƙarin bayani, duk abin da zai faɗa ya faɗa a makirufo. A ƙarshen zagaye ya sake bi ta kan tambayoyin goma da sauri, ya ba da minti ɗaya, ya ce a ajiye biro.

Ƙungiyoyi su yi musayar takarda: tebur na ɗaya ya ba na biyu, na biyu ya ba na uku, har a zagayo. A zagaye na gaba a juya hanya, don kada tebur biyu su ƙulla "ka rufa min, in rufa maka". Jan biro kaɗai ke duba amsa. In amsa biyu aka rubuta a gurbi ɗaya, babu maki, ko da ɗaya daidai ce. Rabin maki na jawo ciniki, gara a ce babu shi, sai a tambayar da aka faɗa tun farko mai kashi biyu ce. Mai allo ya rubuta jimla bayan kowane zagaye, amma ya ɓoye ta kafin na ƙarshe don a tashi da ɗoki.

Ƙorafi na da hanyarsa. Shugaban ƙungiya kaɗai ke kai shi, wurin alƙali, bayan an gama duba zagayen, cikin minti biyu. Alƙali ya duba layin nan na inda aka samo amsa. In ya ga mai ƙorafi na da gaskiya, a faɗa a makirufo ba tare da kwana-kwana ba, a ba duk ƙungiyar da ta rubuta wannan amsar maki, ba mai ƙorafin kaɗai ba. In tambayar ce gaba ɗaya ta lalace, a soke ta ga kowa. Mai gabatarwa da ya ce "Kun fi mu gaskiya, a ba su makinsu" ya sayi zaman lafiyar sauran zagayen. Wanda ya tsaya kare kuskure kuwa, kowace amsa daga nan sai an ja da shi.

In aka yi kunnen doki, kada a ce wanda ya riga ɗaga hannu, don ba za a taɓa yarda da wanda ya riga ba. A yi tambayar lamba, kowace ƙungiya ta rubuta nata a ɓoye, wanda ya fi kusa ya ci. "Ƙwallo nawa aka zura a wasa 64 na gasar kofin duniya ta 2022, ban da na bugun fenariti na raba gardama?" Amsar 172. Ko tsawon tseren gudun fanfalaki a mita, 42,195. Zo da irin wannan guda biyu.

Sai maganar kyauta. In aka karɓi kuɗin shiga daga masu gasa aka tara aka ba wanda ya ci, mutane da yawa za su ce caca ce, kuma malamai za su goya musu baya. Hanyar da ba ta da ƙura ita ce kyautar ta fito daga wani da ba ya cikin gasar: mai shago a unguwa, ƙungiyar tsoffin ɗalibai, ko wani mai hali. In dole sai an karɓi wani abu, a bayyana cewa na hayar kujeru ne da man janareto da ruwan sha. Kyautar kuma ta zama mai rabuwa ga mutum biyar, kamar katin waya, littattafai ko riguna. Ƙwallo ɗaya ko agogo ɗaya ga tebur guda sabuwar rigima ce a bakin ƙofa. Kada ta yi tsoka sosai, don girman kyauta ke sa mutum ya ɓoye waya ta biyu a aljihun wando. A ajiye ɗan abin dariya ga ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe, ko da ledar alewa ce.

Kafin a share wuri, tattara takardun amsa duka ka tafi da su gida. Ƙirga ƙungiya nawa suka ci kowace tambaya. Wadda kowa ya ci da wadda babu wanda ya ci, sa musu alama. Fiye da biyu irin waɗannan a zagaye ɗaya na nufin zagayen na buƙatar gyara. Duba kuma amsoshin da aka soke da jan biro: in tebur huɗu sun rubuta kuskure iri ɗaya, koma ka sake karanta tambayar, wataƙila lafazinka ne ya kai su can.